Robar Murfin Tankin Babur

A ƙasar Faskari har yanzu akwai gidajen da ke riƙe da tsohon babur. Wani ya gada daga mahaifinsa, wani kuwa ya saya a hannun wani a Funtuwa. Akwai Honda Roadmaster, akwai ƙananan Yamaha da Suzuki, irin waɗanda suka fara yawa a ƙauyuka zamanin Shirin Noma na Funtuwa, wanda aka soma a 1975 da taimakon Bankin Duniya. Ƙarfensu mai kyau ne, shi ya sa suka kai yau. Amma roba ba ta daɗewa kamar ƙarfe. A wannan karo za mu yi magana a kan wata 'yar roba guda ɗaya wadda mutane ba su cika kula da ita ba, watau wadda ke cikin murfin tankin mai.

Buɗe murfin, ka juya shi, ka duba cikinsa. Za ka ga roba zagayayya kamar zobe. Ita ce ke zama a kan bakin tanki sa'ad da ka rufe. Idan ta tsufa sai ta bushe, ta tsattsage, ko ta lotse har ta daina kama bakin. Alamunta ba su da wuyar ganewa: murfi yana lilo, warin fetur yana bin ka, ƙura tana manne wa gefen murfin domin wurin a jiƙe ya ke kullum, fenti kuma yana kumbura yana ɓarewa.

Wani zai ce ɗan abin da ke zuba bai taka kara ya karya ba. Bari mu yi lissafi. A ce babur yana zubar da kwatan lita a mako, wani ya fantsala a gargada, wani rana ta shanye. A shekara ya zama lita 13 ke nan. Kafin a janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, lita ba ta kai naira 200 a gidan mai ba. A ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Mutanen Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa kuma ba su manta da 2021 ba, lokacin da Gwamnatin Jihar Katsina ta hana sayar da mai a jarka, ta kuma ƙayyade wanda za a sayar wa mutum saboda matsalar tsaro. Wanda ya yi layi a wancan lokaci ya san darajar kowane ɗigo.

Abin da ke shiga ya ma fi abin da ke fita ɓarna. Da hunturu ƙura ce. Da damina ruwa ne. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka sai ya kwanta a ƙasan tanki ya yi ta cin ƙarfe har tsatsa ta kama. Ran da mai ya yi ƙasa ka juya makunni zuwa rizab, daga can ƙasan ne zai jawo. Ruwa da tsatsa su gangara cikin kafireto, babur ya yi ta tari, ya mutu. Kowa ya san hanyoyinmu. Ba wanda ke son babur ya mutu masa tsakanin Sheme da 'Yankara rana tana faɗuwa, balle yana ɗauke da mai naƙuda.

To, ga inda mutane da yawa ke kuskure. Sun ga mai yana zuba, sai su shimfiɗa leda a bakin tanki su danna murfi a kai. Zuba ta tsaya, amma an jawo wata cuta. Murfin nan aiki biyu ya ke yi. Yana tsare mai kada ya fita, yana kuma barin iska ta shiga. Tsohon babur ba shi da famfon da ke tura mai; nauyin man ne kawai ke gangarar da shi zuwa kafireto. Duk man da ya sauka, dole iska ta shiga ta cike gurbinsa. Domin haka aka yi wa murfin wata 'yar ƙofa kamar ta allura. Kifa kwalba cike da ruwa ka gani: ruwan ba ya fita sai iska tana shiga tana ɓulɓul. Haka tanki ya ke. Idan leda ta toshe ƙofar, babur zai yi tafiya kaɗan lafiya lau, sa'an nan ya fara shaƙewa ya tsaya. Mai shi ya kwance fulogi, ya zagi mai sayar da mai, ya tura har wurin bakanike, alhali kuwa laifin yana ƙarƙashin hancinsa. Gwajin mai sauƙi ne. Da ya mutu, buɗe murfin ka kasa kunne. Idan ka ji iska ta shiga da ƙara, babur kuma ya tashi bayan ɗan lokaci, to ƙofar iska ce ta toshe.

Kuskure na biyu shi ne yanko roba daga tsohon tiyub na taya. Ga ido ta yi daidai. Amma ba a yi ta domin fetur ba. Za ta kumbura, ta yi laushi kamar danƙo, ta riƙa gutsurewa cikin tanki tana toshe matatar makunni. Robar silifa ma ba ta yi. Abin da a ke bukata shi ne robar da aka yi musamman domin mai, ko takardar gasket mai kauri irin wadda fetur ba ya ci. Ka cire tsohuwar ka tafi da ita tare da murfin zuwa masu sayar da kayan babur a Funtuwa, domin a gwada a gabanka. Robar sabon babur takan hau tsohon murfi idan faɗinsu da kaurinsu ɗaya ne. Idan kana shakkar irin robar da aka ba ka, yanki ɗan guntu ka jefa a kwalba mai ɗan fetur, ka rufe kwana biyu. Idan ya fito yadda ya shiga, ka samu. Idan ya kumbura ko ya yi yauƙi, kada ka sa.

Ranar aiki, fitar da babur waje inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da danga da tarin kara. Bari inji ya huce. Ba taba, ba ashana, ba aci-balbal. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, yana iya kai wa wutar da ka ke gani kamar tana nesa. Kori yara.

Cire murfin, ka rufe bakin tanki da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. Ɗaga tsohuwar robar a hankali da bakin sukudireba. Wadansu murafan suna da faranti da ƙananan kusoshi masu riƙe robar. Ka lura da yadda suke jere kafin ka kwance, ka zuba su a faranti domin kada su ɓace cikin ƙasa. Kankare sauran robar da ta manne, ka wanke wurin da ɗan kalanzir, ka bari ya bushe. Sa'an nan nemi ƙofar iska. Tsokane ta da siririyar waya, ka busa da famfon keke har ka tabbata iska tana wucewa.

Kada ka manta da bakin tankin kansa. Sabuwar roba ba za ta zauna a kan tsatsa ba. Cusa tsumman cikin bakin domin ya tare gari, ka goge da samfefa mai laushi har wurin ya yi sumul, sa'an nan ka zaro tsumman a hankali tare da dattin. Idan bakin ya lanƙwashe, wannan aikin bakanike ne. Kada ka yarda kowa ya kusanto da wutar walda ga tankin da ya taɓa ɗaukar mai, ko da an juye shi, sai wanda ya san yadda a ke wanke shi sarai.

Danna sabuwar robar da yatsa ta zauna ko'ina daidai, ba tare da ta murɗe ko ta rufe ƙofar iska ba. Kada ka sa gam. Fetur yana narkar da yawancinsa, ya kai shi cikin kafireto. Rufe murfin. Ya kamata ka ji ya ɗan yi tauri sa'ad da ya ke kamawa.

Saura gwaji. Zuba mai, amma ka bar wuri kamar faɗin yatsa biyu a sama, gama fetur yana ƙaruwa idan ya ji zafin rana. Goge saman tanki ya bushe, ka girgiza babur hagu da dama, ka shafa gefen murfi da yatsa. Idan a bushe ya ke, hau ka yi tafiyar kamar kilomita goma kusa da gari. Idan bai shaƙe ba, iska tana shiga ke nan. Ka sake duba robar bayan mako ɗaya, sa'an nan kowace shekara kafin ruwan farko.