Fej a Madadin Antibayotik: Me Alƙaluman Ke Faɗa wa Mai Kiwon Kaji a Panshekara?

A gidajen kaji na gefen Kano, daga Panshekara zuwa sauran sassan Kumbotso, da yawan masu kiwo ba sa jiran ciwo. Ranar da ƴan tsaki suka iso, ranar ake farke ledar garin maganin antibayotik a kaɗa a ruwan sha, wai rigakafi. In an ga zawo a ƙara wani. Masana na neman abin da zai rage wannan dogaro, kuma cikin abubuwan da ake ambata akwai bakteriyofej, ko fej a taƙaice: ƙwayar bairas da ba ta kama mutum ko dabba, bakteriya kaɗai take ci. Ga alƙaluman da ake kafa hujja da su, da abin da kowanne yake nufi.

64,500 da 263,400

Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda bakteriyar da ta daina jin magani, jimillar miliyan 4.95 kuma, har da waɗannan, mutuwarsu na da alaƙa da ita. Yammacin Afirka ne kan gaba, da mutum 27.3 cikin kowane 100,000. Kason Najeriya shi ne 64,500 da 263,400. Na farkon su ne waɗanda da maganin ya ci, da sun rayu. Kimanin mutum 177 ke nan kowace rana. Na biyun ya haɗa duk wanda ya rasu yana ɗauke da irin wannan cuta. Ba duka ne daga dabbobi ba, asibiti da kemis na da babban kaso. Amma ƙwayar da ta saba da magani a cikin kaza ba ta tsayawa a can. Tana bin nama da ƙwai, da kashin kajin da ake sayar wa masu lambu.

Kashi 73 da kashi 163

Wani nazari na 2017 ya nuna kashi 73 cikin ɗari na irin waɗannan magunguna da ake sayarwa a duniya dabbobin kiwo ake ba. Wannan bai nuna kowace kaza ta fi mutum shan magani ba. Dabbobin ne suke da yawa da nauyi, kuma garke guda ake ba a lokaci ɗaya, mai ciwo da mai lafiya. Wani nazari na 2015 ya sa Najeriya cikin ƙasashe biyar da amfani da maganin a dabbobi zai fi saurin hawa tsakanin 2010 da 2030, da kashi 163. Wato inda ake zuba buhu 100, za a koma zuba 263. Hasashe ne da aka gina kan yadda kiwon zamani ke bunƙasa, ba ƙidayar shago-shago ba. Tarayyar Turai dai ta hana ba dabba antibayotik don ƙiba tun 2006.

1915, 1917, 1919

Fej ya girmi fenisilin. Frederick Twort ya lura da shi a Ingila a 1915, Félix d'Hérelle ya bayyana shi a Faransa a 1917, a 1919 kuma ya gwada shi kan taifod ɗin kaji. Cibiyar Eliava ta birnin Tibilisi a Jojiya na aiki da shi tun 1923. A shekarun 1980 Williams Smith da Huggins sun yi maganin zawon E. coli da shi a maruƙa da ƴan raguna a Ingila. A 2006 Amurka ta amince a fesa shi kan sarrafaffen nama don kashe ƙwayar Listeriya. A Nairobi, cibiyar binciken dabbobi ta ILRI ta yi aiki da Jami'ar Laval ta Kanada kan fej na Salmonella a kajin Kenya.

Ɗaya da sifili 31

Adadin fej da aka ƙiyasta a duniya ke nan, kusan goma ga kowace bakteriya ɗaya. Inda bakteriya ta taru, nan yake: kwata, kashin dabbobi, ruwan mayanka. Fej ɗaya kan manne wa bakteriya, ya zuba mata ƙwayar halittarsa, cikin kamar rabin awa ta fashe, sababbi ɗari ko fiye su fito. Saboda haka Kano ba ta rasa inda za a samo shi ba. Rafin Salanta da ke kwashe ruwan Sharaɗa zuwa kogin Challawa, da Getsi da ke kai na Bompai cikin Jakara, duk wuraren ɗiban samfuri ne. Ruwan majemu ma na da nasa labarin, domin ƙarafa irin su kuromiyom na iya taimaka wa bakteriya mai taurin kai ta wanzu, ta kuma bijire wa magani.

Kashi 99

Nan ake yawan ruɗuwa. Gwaje-gwaje da dama a kaji sun nuna fej na rage Salmonella da kashi 90 zuwa 99, wasu fiye. Amma in giram ɗaya na kashi na ɗauke da ƙwaya miliyan ɗaya, kashi 99 zai bar 10,000. A yanayin da ya fi yi mata daɗi bakteriya na ninka kanta duk minti 20, don haka ƙasa da awa biyu da rabi ya isa ta koma miliyan. A cikin hanji ba ta wannan gudun, amma lissafin ya nuna fej rage nauyi yake yi, garkuwar jikin kaza da tsaftar ɗaki su ƙarasa.

Fiye da 2,500

Ire-iren Salmonella ke nan da aka sani. Kowane fej kamar makulli yake, ƙofofi kaɗan yake buɗewa. Shi ya sa ake haɗa iri uku ko fiye a kwalba ɗaya, shi ya sa kuma wanda ya yi aiki a Kenya ba lallai ya yi a Kumbotso ba. Ba ya taɓa murar tsuntsaye ko gumboro, don su ma bairas ne. Galibi a sanyin digiri 4 ake adana shi, alhali Kano na haura digiri 40 a watan Afrilu, ga matsalar wuta. Sinadarin kulorin a ruwan sha da tsamin cikin kaza duk suna raunana shi.

Abin da lissafin ya bayar

Fej zai iya rage antibayotik a cututtuka sanannu kamar Salmonella da E. coli, ba zai maye gurbinsa gaba ɗaya ba. Aikin farko na gwaji ne: likitocin dabbobi, Jami'ar Bayero da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom su tantance ƙwayoyin da ke kashe kajin Kano, a nemo fej ɗinsu a ruwan garin, NAFDAC ta fitar da ƙa'idar rajista. Kafin nan, mai kiwo na da abin da ke hannunsa: ya kira likita kafin ya farke leda, ya cika kwanakin maganin, ya kuma jira adadin ranakun da aka rubuta a jikin ledar kafin ya kai kaza ko ƙwai kasuwa.