Maɗaciya: 'Yar jakar da ke narka mana maiƙo

Idan ka taɓa gyaran kaza ko kayan cikin ragon layya, ka san yadda ake lallaɓa 'yar koriyar jakar nan da ke manne da hanta, don idan ta fashe nama ya ɓaci da ɗaci. Ita ce maɗaciya, wasu kuma su ce matsarmama. Kai ma kana da irinta a ƙarƙashin haƙarƙarinka na dama.

Mutane da yawa na zaton ita ke samar da ruwan ɗacin. A gaskiya hanta ce ke yin sa dare da rana, wajen rabin lita ko fiye a kullum. Maɗaciya ma'ajiya ce kawai. Abin da take iya ɗauka bai wuce cokalin cin abinci uku zuwa huɗu ba, shi ya sa take tsotse ruwan ta bar shi da kauri.

Da zarar ka ci abu mai maiƙo, kamar ƙosai, suya ko miyar da ta ji man ja, kuma ya gangara daga tumbi zuwa ƙaramin hanji, sai hanjin ya aika saƙo ta cikin jini. Nan take maɗaciya ta matse, ta tura ruwanta ta wani siririn bututu. Yadda sabulu ke warware maiƙo a kwano, haka ruwan nan ke farfasa kitse ya koma mitsi-mitsi, jiki ya samu ya tsotse shi tare da bitamin A, D, E da K.

Da wannan ruwa kuma jiki ke zubar da wata shara. Jan ƙwayar jini kan yi kimanin kwana 120 ta mutu, sai hanta ta zuba ragowarta mai launin rawaya a cikin ruwan. Daga nan bahaya ke samun launinsa.

Matsala na zuwa ne idan ruwan ya daskare ya zama tsakuwa. An fi ganin haka ga mata, masu ƙiba, da masu cutar sikila, waɗanda jininsu ke saurin mutuwa. Idan tsakuwar ta toshe bututu, za ka ji ciwo mai tsanani a saman ciki ta dama, musamman bayan cin maiƙo. Ido na iya yin rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, bahaya ya yi fari-fari.

Idan ka ga haka, kada ka ce shawara ce ka tsaya shan jiƙo, ko ka ɗauka olsa ce. Toshewar na iya jawo zazzaɓi da kamuwar da ke barazana ga rai. Ka garzaya asibiti a yi hoton ciki da gwajin jini. Ko da likita ya ce a cire maɗaciyar, kada hankalinka ya tashi. Hanta za ta ci gaba da zuba ruwanta kai tsaye cikin hanji, kuma yawancin mutane na komawa harkokinsu lafiya lau.