Kati Ko Kundi: Wanne Ya Fi Cancantar Lokacin Iyali?

Duk gidan da aka yi biki ko suna, idan taro ya watse akan tarar da saura birjik: ragowar katin gayyata, ƙyallen anko da tela ya dawo da shi, kalandar da aka raba wa baƙi, ga hotuna jibge a wayoyin 'yan uwa. Masu sha'awar aikin hannu da takarda suna da hanya biyu ta karrama irin wannan rana. Wasu kan zauna tun kafin ranar su yanka kwali, su ƙawata shi, su rubuta gaisuwa su miƙa wa mai sha'ani, wato katin hannu ke nan. Wasu kuma sai an gama suke zama, su kai hotuna a wanke, su jera su a shafi tare da suna da kwanan wata da ɗan bayani, wato kundin hotuna na gida. Kayan aikin kusan ɗaya ne: almakashi, gam, rula, kwali mai launi da alƙalami. Manufar ce ta sha bamban, kuma wanda ba shi da sukunin yin duka biyun ya kamata ya san abin da kowanne zai ba shi.

Ta fuskar asali, kati ɗan gidan waya ne. A 1840 aka sauƙaƙa kuɗin aika wasiƙa a Ingila ya koma kwabo ɗaya, wasiƙu suka yi yawa, har amsa su ya zama aiki. A 1843 wani ma'aikacin gwamnati a Landan, Henry Cole, ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa katin Kirsimeti, aka buga guda dubu, aka sa musu launi da hannu, aka sayar da kowanne sule ɗaya. 'Yan shekaru bayan haka, a garin Worcester na Amurka, Esther Howland ta tara mata a gidan mahaifinta suna haɗa katunan masoya da takarda mai kama da leshi, wannan ta yanka, waccan ta manna. A 1910 Joyce Hall ya fara sayar da katuna a Kansas City, kasuwancin da ya zama kamfanin Hallmark. Abin lura a nan shi ne, katin bugawa ya samo asali ne daga neman rage wahala. Mai yin kati da hannunsa a yau kuwa wahalar yake nema da gangan, domin ita ce kyautar da yake bayarwa.

Kundi kuma ɗan ɗakin ajiya ne. A ƙarni na 19 Turawa da Amurkawa sun yi ta yanke labarai daga jarida suna mannawa a littafi, har marubucin nan Mark Twain ya yi rajistar wani littafi mai gam a jikin shafukansa a 1873. Zuwan kyamarar Brownie ta kamfanin Kodak a 1900, wadda aka sayar dala ɗaya, ya sa hoto ya shiga gidajen talakawa, daga nan ya shiga kundi. Salon da ake yayi yanzu, na shafi mai ado da bayani, ya bunƙasa ne daga jihar Utah, inda mabiya ɗarikar Mormon suka ɗauki binciken nasaba da muhimmanci ƙwarai. A can ne wata mata mai suna Marielen Christensen ta nuna kundaye hamsin na tarihin danginta a wani taro a Salt Lake City a 1980, shekara ta zagayo ta buɗe kantin kayan wannan sana'a. Tun asali, ke nan, ɗaya an yi shi ne don ya fita daga gida, ɗayan don ya zauna.

Idan aka zo batun lokaci, kati ya yi zarra. Takarda mai girman A4 a ninka ta biyu, a manna ɗan ƙyallen atamfa a gaba, a zagaye shi da zare ko ƙyalƙyali, a rubuta layi uku a ciki, tsakanin la'asar da magariba an gama. Sai dai yana da wa'adi mai tsauri. Katin barka da haihuwa da bai iso kafin ranar suna ba ya rasa rabin armashinsa, haka ma na barka da Sallah idan ya zo bayan an gama yawon Sallah. Kundi ba ya gaggawa, kuma nan ne ƙarfinsa da rauninsa suke. Ana iya haɗa shafin aure bayan shekara guda bai rage komai ba. Amma abin da ba shi da wa'adi shi aka fi ɗagawa, shi ya sa gidaje da yawa suke da ambulan cike da hotuna a ƙasan akwati, ana ta cewa sai an samu lokaci.

Sai abin da ake rubutawa. Kati yana magana da mutum ɗaya, kuma yawanci addu'a ce: Allah ya raya, Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya maimaita mana. Kalmomin kowa ya san su, amma rubutun hannun jika ga kakarsa, da karkatattun baƙaƙensa, yana da wani tasiri da babu madaba'ar da za ta iya bugawa. Kundi shi kuma yana magana ne da wanda bai halarta ba, har da wanda ba a haifa ba tukuna. Don haka ba addu'a yake buƙata ba kamar yadda yake buƙatar bayani: wace ce wannan a hagun amarya ranar kamu, wa ya karɓi aure, a wane masallaci aka ɗaura, sunan wa jaririn ya ci, wane laƙabi aka sa masa don kara. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon hoto na baƙi da fari, aka zagaya gida ba a samu mai iya faɗin sunan mutanen ciki ba, ya san darajar layi ɗaya a ƙarƙashin hoto. A ganina wannan layin ya fi duk adon shafin muhimmanci.

Wurin da bambancin ya fi fitowa fili shi ne ingancin kayan aiki, musamman a irin yanayinmu. Kati ba ya zaɓen kaya. Kwalin da aka saya a shagon kayan makaranta, gam ɗin ofis, ko ƙaro da aka jiƙa, duk sun wadatar, tunda ba a sa ran ya shekara talatin. Kundi kuwa tun daga ranar da aka fara shi yake fama da lalacewa. Takarda mai arha, irin ta jarida, tana ɗauke da sinadarin itace da ke sa ta yin ja-ja ta riƙa karyewa, kuma tana shafa wa hoton da ke jikinta. Shi ya sa masana adana takardu suke cewa a nemi wadda ba ta da asid. Salatif yakan bushe ya faɗi, ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Albam ɗin nan mai shafi mai danƙo da leda a sama, wanda ya cika gidaje a da, gam ɗinsa kan kama hoto har sai an yage shi wajen cirewa. Rufe hoto da leda a injin zafi kuwa hanya ce da ba a dawowa. Abin da ya fi aminci shi ne 'yan kusurwoyin takarda da ake soka hoto a ciki, da fensir mai laushi wajen rubutu a bayansa, domin biro kan huda ko ya zubar da tawada. Ga ƙurar hunturu, ga laimar damina da ke manne hotuna da juna, ga gara, ga kyankyasai masu son gam ɗin sitaci, ga hasken rana da ke koɗar da hoto mai launi. Mai kundi dole ya tanadi wuri busasshe, nesa da ƙasa da bango. Ta wannan fuska kati ya fi sauƙi da arha nesa ba kusa ba, kundi kuma ya fi neman ilimi da kuɗi.

Akwai kuma tambayar yadda kowanne ya dace da al'adarmu. Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake. Haihuwa ana zuwa barka ne, aure ana zuwa Allah ya sa alheri, kuma babu dattijuwar da za ta karɓi takarda a madadin zuwan ɗan ɗan'uwanta. A Japan, inda gidan waya ke tara katunan sabuwar shekara ya raba su ranar 1 ga Janairu, kati shi kansa gaisuwa ce cikakkiya. A wurinmu sai dai ya raka mai gaisuwa, ko ya wakilci wanda nisa ta hana, kamar ɗalibi a makarantar kwana ko 'yar uwa da ke aure a wata ƙasa. Duk da haka, ƙawata rubutu da hannu don ranar farin ciki ba baƙon abu ba ne gare mu. Allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, da launukansa da zanen da ya kewaye rubutun, shaida ne cewa mun daɗe da sanin wannan. Shi ma kundi yana da nasa ƙalubale. Wasu gidaje ba sa son ajiye hoto saboda fahimtarsu ta addini, kuma hotunan taron mata zalla ba na kowane baƙo ba ne. Sai dai kundi yana yiwuwa ko babu hoto ɗaya: katin gayyata, ƙyallen anko, takardar sakamakon jarrabawa, jerin sunayen waɗanda suka halarta, da zanen tafin hannun yaro.

Wani nauyi da ke kan mai kundi, wanda mai kati ya kuɓuta daga gare shi, shi ne adalci. Kati na mutum ɗaya ne, ba wanda zai ce an manta da shi a ciki. Kundi kuwa zaɓe ne, kuma a gidan da ke da ɗakuna biyu ko uku, ko inda aure ya mutu aka bar 'ya'ya, wanda aka sa da wanda aka cire magana ce babba. Yaron da ya buɗe kundin gidansu bai ga mahaifiyarsa a ko'ina ba, ya karanta wani abu da ba a rubuta ba. Wanda ya ɗauki wannan aiki ya ɗauki amana.

Wayar hannu ta taɓa su duka biyun, amma ba daidai ba. Tun da layukan salula suka shigo Nijeriya a 2001, sannan WhatsApp ya biyo baya, saƙon barka ya zama na daƙiƙa ɗaya, kuma kyauta. Ta karɓe aikin isar da gaisuwa daga hannun kati, ta bar masa aikin nuna kulawa kaɗai. Aikin kundi kuwa ba ta karɓe shi ba, ƙara masa yawa ta yi. Hotuna sun ninka, amma suna warwatse, babu suna babu bayani, kuma waya kan ɓace, ta faɗa ruwa, ko mai ita ya rasu da lambar sirrinsa.

Idan na auna duka wannan, kati ne zan ba yara da masu fara koyo, domin yana ƙarewa a zama ɗaya, kuskure a cikinsa ba ya cin komai, kuma yana koya wa yaro ya yi tunanin wani. Amma idan babba ne a gida yake da 'yan sa'o'i kaɗan a wata, kuma dole ya zaɓi ɗaya, kundi na zaɓa masa, saboda gaisuwa tana da wasu hanyoyi, sunayen mutanen da ke cikin hoto kuwa suna bakin tsofaffi ne kawai. Kada tsadar kayan ado ta hana kowa farawa. A zaɓi hotuna goma daga sha'anin da ya wuce a kai a wanke, a nemi littafi mai takarda mai kauri, a zauna da Hajiya ko Baba tun suna da ƙarfin tunawa, suna faɗa ana rubutawa. Katunan da yara suka yi wa wannan sha'ani ma a ware musu shafi a ciki.