Haɗa Tambayoyi a Rumbun Bayanai: Misali Daga Rahoton Lafiya na Ƙaramar Hukumar Dala

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana dalilin da ya sa rahoton da ake fitarwa ta intanet yakan yi nawa, da kuma hanyar da ake bi a haɗa tambayoyi da yawa su zama ɗaya ba tare da an ɓata lissafi ba. Domin maganar ta sauko ƙasa, mun ɗauki Ƙaramar Hukumar Dala ta cikin birnin Kano, wadda ke da mazaɓu 12, cikinsu har da Gwammaja da Adakawa da Ƙofar Mazugal da Gobirawa. Wata-wata asibitocin waɗannan unguwanni sukan kai ƙididdigar rigakafi da awon ciki da haihuwa, a shigar da ita cikin manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ke kula da ginata, kuma Nijeriya ta ɗauke ta a matsayin ma'ajiyar bayanan lafiya ta ƙasa.

Asalin irin wannan rumbu yana komawa ga E. F. Codd na kamfanin IBM, wanda a shekarar 1970 ya nuna cewa ana iya ajiye kowane irin bayani a jadawali, a kuma danganta jadawali da ɗan'uwansa ta hanyar lamba guda da suka yi tarayya a kanta. A kan wannan tushe aka gina harshen tambaya na SQL, wanda aka daidaita ƙa'idojinsa a Amurka a 1986.

To, ina matsalar take? Mai rubuta manhaja sau da yawa yakan fara da neman sunayen mazaɓu, sa'an nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar rumbu. Mu ɗauka ana son rahoton shekara mai ɗauke da abubuwa 10. Mazaɓu 12 sau wata 12 sau abubuwa 10 sun ba da tambaya 1,440. A Dala kaɗai wannan bai kai abin damuwa ba. Amma Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, watau tambaya 58,080 ke nan. Ko da a ce tambaya hamsin ake amsawa a kowace daƙiƙa, sai an jira fiye da minti 19. Abin lura shi ne, yawancin wannan lokaci ba a wajen lissafi yake tafiya ba, a wajen kai-da-komo ne tsakanin manhaja da rumbu. Tamkar mutum ne ya aiki yaro Kasuwar Kurmi sau ɗari, kowace tafiya ya sayo allura ɗaya.

Magani na farko shi ne a bar rumbu ya yi aikinsa. Umarnin JOIN yana haɗa jadawalin asibitoci da na ƙididdiga, shi kuma GROUP BY yana tara jimla bisa mazaɓa da wata, sai a sami amsa duka a tafiya guda. Tun 1979 Patricia Selinger da abokan aikinta suka bayyana yadda rumbu ke auna hanyoyi ya zaɓi mafi sauƙi, kuma a galibi zaɓinsa ya fi na mai manhaja, muddin an yi wa lambar asibiti da ta wata fihirisa.

Sai dai a nan ne haɗari yake, kuma a ganinmu ya fi jinkiri muni. Alal misali, a ce wani asibiti yana da layi 300 na rigakafi da layi 200 na awon ciki a wata ɗaya. Idan aka haɗa jadawalan biyu kai tsaye ta lambar asibiti, kowane layin rigakafi zai auri kowane layin awo, a sami layi 60,000. Yara 300 sun zama 60,000, rumbu kuwa ba zai ce uffan ba, gama abin da aka umarce shi ya yi. Ƙa'ida ita ce a tara jimlar kowane jadawali shi kaɗai tukuna, sa'an nan a haɗa jimlolin. Inda kuwa jadawalan suke da siffa ɗaya, UNION ALL ya isa ya jera su.

Akwai kuma kuskure na biyu wanda ya fi ɓuya. Haɗin da aka saba yi yana zubar da duk asibitin da bai aiko da rahoto ba, sai takarda ta fito tsaf kamar babu giɓi. Alhali kuwa wannan asibiti shi ne wanda jami'in rigakafi ya fi bukatar gani, musamman a jihar da aka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 har zuwa 2004. Umarnin LEFT JOIN yana barin sunansa a jere da gurbi fanko. Ya kamata kuma a bar gurbin nan fanko, kada a cike shi da sifiri, domin rashin rahoto daban, rashin yaro ko ɗaya daban.

Ita DHIS2 ta bi wata hanya ta uku. Tana harhaɗa jimloli tun da wuri cikin wasu jadawalai na musamman a rumbun PostgreSQL, galibi da dare, rahoto kuma daga can yake ɗiba. Saurin yana da farashi: adadin da aka shigar a Gwammaja da hantsi ba zai bayyana ba sai an sake harhaɗawa. Saboda haka wajibi ne kowane rahoto ya ɗauki kwanan wata da sa'ar da aka yi harhaɗawar ƙarshe a samansa.