Shekara Guda a Gidanmu

Sau da yawa idan muna hira a ɗakin kwana bayan an kashe fitila, abokaina 'yan birni sukan ce wai mutanen ƙauye wata huɗu kaɗai suke aiki, sauran wata takwas ɗin kuwa sai zaman gindin bishiya da dara. Na yi musu da su har na gaji. Saboda haka da Malamin Hausa ya ce kowa ya kawo abin da za a sa a mujallar makaranta, sai na ce bari in bayyana yadda shekara take juyawa a gidanmu, kowa ya yi wa kansa alƙalanci. Na zaɓi shekarar 2023, domin ita ce wadda ba zan manta da ita ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kazaure da Roni, a gindin duwatsu. Mu 21 ne a gidan, kuma har yanzu gandu muke yi. Ga wanda bai san gandu ba, shi ne a ce uba da 'ya'yansa, ko wa da ƙane, suna noma gona ɗaya, suna zuba hatsi a rumbu ɗaya, ana ci tare. Baba shi ne mai gandu, Baffa ƙanensa yana bi masa. Ban da babbar gona, kowane baligi yana da 'yar gayaunarsa wadda yake nomawa da yamma, abin da ya samu nasa ne. Akwai kuma Iya, kakarmu, wadda ba ta zuwa gona, amma ba a buɗe rumbu sai ta sani.

A wurinmu shekara ba ta farawa da hutu. Cikin watan Janairu, ana tsananin ɗari, Baba da Yaya suna fadama tun da asuba, a wani ɗan fili da muke haya kusa da ruwan dam ɗin Kazaure. Tumatir ne da albasa da tattasai. Aikin ban ruwa ba ya son fashi, domin in ka tsallake kwanakinsa sai furen ya zube. A cikin gida kuwa Inna da matar Baffa suna suyar gyaɗa, a kai inji a markaɗo, su matse mai, su soya ƙuli-ƙuli da tunkuzar. Ƙannena su ne masu kaiwa bakin hanya in sun taso daga makaranta.

To, a wannan shekara sai tumatir ya nuna daidai lokacin da aka canja takardun kuɗi na naira 200 da 500 da 1,000. Cikin watan Fabrairu tsofaffin kuɗi an ce kada a karɓa, sababbin kuma babu su. Masu saye suka zo daga Kano da motoci, amma sai su ce za su tura kuɗi ta waya. Baba ba shi da asusu a banki, kuma ko da yana da shi, wa zai tura wa ɗan ƙwadago naira 1,000 ta waya ya yarda? Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Nan Iya ta ce a kwaso shi gida. Aka shimfiɗa tabarmi da buhuna a tsakar gida da kan rufin shago, mata da yara suka zauna da wuƙaƙe suna yankawa, aka shanya shi ya zama kauɗa. Inna kuma ta koma yin musaya irin ta mutanen da: kwalbar mai a ba ta gero, ƙuli-ƙuli a ba ta kuka ko daddawa. Duk wannan ina makaranta. Da na zo hutu na tarar da buhunan kauɗa jingine a ɗakin Iya, hannun ƙanwata duk ya tsattsage saboda ruwan tumatir.

Azumi ya kama ran 23 ga Maris, a tsakiyar bazara. Wanda bai taɓa kai taki gona da azumi a bakinsa cikin zafin Afrilu ba, kada ya yi mini musu a kan wahala. Da sassafe za mu loda takin da ya taru a turke cikin amalanke, shanu biyu su ja, mu je mu jibge shi tsibi-tsibi a gona. Sa'an nan a yi sharar gona, a tattara tushiya da ƙaya a ƙone. Kafin azahar kowa ya yi laushi. Aka yi ƙaramar Salla ran 21 ga Afrilu, muka tafi Kazaure kallon hawan Sarki, kwana biyu kenan da na ga Baba ya zauna bai taɓa fartanya ba.

Daga nan sai ido ya koma gabas, ana duban hadari. Ana cikin haka, ran 29 ga Mayu, sabon Shugaban Ƙasa ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki. Mai karatu zai ce me ya haɗa manomin gero da fetur? Ai komai. Kuɗin mota zuwa kasuwa ya tashi, niƙa ya tashi, takin zamani ma da ƙyar Baba ya iya sayen rabin abin da ya saba.

Da ruwan shuka ya sauka cikin Yuni, gidan kan zama kamar an yi gobara, kowa a guje. Maza suna gaba da sungumi suna sara, mata da yara suna biye suna jefa iri suna rufewa da ƙafa. Gero ake fara shukawa, sai dawa, daga baya a sa wake a tsakanin kunyoyi, gyaɗa da riɗi da zoɓo kuma a nasu wurin. Dalilin haɗa su shi ne, in ruwa ya yi gardama wani ya ƙi, wani zai yi. Babbar Salla ta faɗo a tsakiyar wannan aiki, ran 28 ga Yuni. Raguna 3 da Inna ta yi wata shida tana turkawa da dusa da harawa, aka sayar da 2, aka yi layya da ɗaya.

Baffa shi ne ɗan kasuwar gidan. Sana'arsa sayen awaki da tumaki a wajen Babura da kasuwar Maigatari, wadda take ci ran Alhamis, ya kawo su Kazaure ko Dambatta ya sayar. Yawancin dabbobin daga Nijar suke shigowa. Ribar da yake samu ita ce take riƙe gidan da cefane a tsakiyar damina, lokacin da babu abin sayarwa a gona. Sai ga shi ran 26 ga Yuli sojoji sun yi juyin mulki a Nijar, ba a daɗe ba aka rufe iyaka, ba a kuwa buɗe ta ba sai cikin Maris na 2024. Kasuwar Baffa ta tsaya cik. Gwaggonmu da take aure a Magarya, wadda ta saba zuwa duk damina ta duba Iya, ita ma ba ta samu zuwa ba.

Na dawo dogon hutu na tarar ana maimai, wato noma na biyu. A nan ne nake so 'yan'uwana ɗalibai su lura, domin watan Agusta shi ne wata mafi wuya a gidan manomi. Gona ta yi kore shar, gero ya fara fitar da kai, amma rumbu ya kusa ƙarewa, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa. Ga marka, ga sauro, ga zazzaɓi yana kwantar da yara ɗaya bayan ɗaya. Rumbunmu 3 ne. Biyu sun ƙare, na ukun kuwa Iya ta hana a taɓa, ta ce wannan na ranar da ba a fata ne.

Wata rana da dare bayan sallar lisha, muna zaune a zaure, sai Baffa ya gyara murya ya ce, "Yaya, ina da magana. Girbi ya matso, ba mu da kuɗin 'yan ƙwadago. Ko dai a sayar da sa ɗaya, ko kuwa yaron nan ya haƙura da zangon nan ya taya mu, in ya so ya koma bayan kaka." Ni ne yaron. Gabana ya faɗi, na sunkuyar da kai. Ban ga laifin Baffa ba, kuma har yau ban gani ba, gama lissafinsa daidai ne. Sayar da sa ɗaya daidai yake da sayar da biyu, tun da sa ɗaya ba ya jan garma. Komawata makaranta kuwa tana bukatar kuɗin mota da sabulu da gari da sukari da littattafai, ga kuma hannu biyu da za a rasa a gona.

Baba ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya ce, "Bari mu kwana da ita."

Da safe Inna ta same shi ta ce, "Malam, ɗaukar adashi ta zo kaina a wannan mako. Da na yi niyyar sayen kwanonin yarinyar nan ne, amma a sallami ɗan makaranta tukuna." Yarinyar da take nufi ita ce yayata, wadda aka sa bikinta bayan kaka. Iya kuma ta aika aka kira Baffa, ta ce, "Ranar da ba a fata ai ita ce wannan. Ku buɗe rumbun." Aka fitar da dami, aka sussuka, aka ci wani, aka sayar da wani. Kauɗar nan da aka shanya da baƙin ciki cikin Fabrairu, da aka kai ta kasuwa a tsakiyar damina, lokacin da ɗanyen tumatir ya yi wuya, sai ta yi kuɗi fiye da yadda kowa ya zata. Da ita aka biya masu girbi. Maganar huɗa da sauran aikin da ya rage kuwa, Baba ya kira gayya, samarin unguwa suka zo, aka dama musu fura aka yi tuwo.

Na samu cin tumun sabon gero kwana biyu kafin in komo makaranta cikin Satumba. Sauran aikin kaka sai labari na ji: girbin gero da ɗaurin dami, roron wake, cirar gyaɗa, yankan dawa cikin Nuwamba, kaɗe riɗi, da ɓarar zoɓo wadda take cin yatsun mata har cikin Disamba. Kafin a zuba ko zangarniya ɗaya a rumbu, Baba yakan ware zakka, dami ɗaya cikin kowane 10, a kai wa waɗanda suka cancanta. Kara ma ba a barinsa a gona, da shi ake danga, harawa kuma a ɗora ta a kan bishiya saboda dabbobi.

Na zo hutun Disamba na tarar ana shirin biki. 'Yan'uwa sun zo daga Gwiwa da Babura, gida ya cika har wasu suna kwana a zaure. Kwanonin yayata ba su cika yadda Inna ta so ba, kuma na san dalili. Da na je yi mata sallama ran da za a kai ta, na rasa abin da zan ce, sai ita ce ta yi dariya ta ce, "Ɗan boko, ka ci mini kwanoni. In ka fara ɗaukar albashi ina jira."

Kwana uku bayan biki Yaya ya ɗauki jakarsa ya tafi ci-rani Abuja, inda yake aikin gini har ruwa ya kusa sauka. Baba kuwa ya auna kuɗin fetur ɗin injin ban ruwa, ya ga ba zai iya da fili duka ba, sai ya karɓi rabi. Tun da Yaya ba ya nan, ni na bi shi fadama. Ran 31 ga Disamba da asuba muna tsugune cikin laka muna dashen albasa, sanyi yana yanka mana yatsu, Baba yana ce mini in yi sauri mu gama wannan fangali kafin rana ta fito.