Mata a Aji, Maza a Kujera: Darasi Daga Sahara Zuwa Sakkwato

A Abalessa, kimanin kilomita 80 yamma da Tamanrasset a kudancin Aljeriya, akwai kabarin da Abzinawan Ahaggar ke dangantawa da Tin Hinan, matar da suke ɗauka uwar kakanninsu. A al'adarsu, uwa ce kan koya wa yara rubutun Tifinagh. Koyarwa dai ba baƙuwar mace ba ce a wannan yanki. Inda gizo ke saƙar shi ne: wa ke yanke abin da za a koyar, da yadda za a koyar da shi?

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta amsa wannan tambaya a aikace. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, sannan ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta lura matar aure mai goyo ba za ta iya barin ƙauye ta taho Sakkwato ba. Sai ta zaɓi dattijai mata, ta naɗa su jajoji, ta ba su malfa alamar jagoranci. Su ne ke zuwa da 'yan mata su ɗauki karatu cikin waƙe, su koma su koyar a tsakar gida. Falsafarta a fili take: idan ɗalibi ya kasa isa makaranta, makaranta ta je ta same shi.

Jami'o'in yau sun sha bamban da haka. Shekarun da malama ke neman digiri na uku su ne shekarun haihuwa da raino. Ƙarin girma kuwa sai da tarin maƙalu da tafiye-tafiyen taro, alhali girki da jinyar iyaye na jiran ta a gida.

Duk da haka wasu sun keta. Grace Alele-Williams ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya a 1985, a Jami'ar Benin. Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i ta riƙe ma'aikatar ilimi ta tarayya daga 2010 zuwa 2013. Fatima Batulu Mukhtar ta shugabanci Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016.

Sai dai ɗaiɗaiku ba sa zama tsari. Gidan raino a harabar jami'a, hutun haihuwa da ba zai ci ƙarin girma ba, da kujeru a kwamitin tsara manhaja: waɗannan ne za su sa hazaƙa ta ishi mace, ba sai ta haɗa da sa'a ba.