Fata Madubin Garkuwar Jiki: Ƙuraje da Cutar Ƙanjamau

A Kabo da Gwarzo, kamar sauran garuruwan yammacin Kano, ƙazuwa da makero da kyasbi ba baƙi ba ne, musamman a makarantun kwana. Amma akwai ƙurajen da kan zama manuniyar cewa garkuwar jiki ta yi rauni.

Tun a 1981, lokacin da likitocin Amurka suka fara bayyana cutar ƙanjamau, fata na cikin abubuwan da suka tona asirinta: an ga samari da wani irin ciwon daji mai fitar da tabo ja-ja ko baƙi-baƙi, wanda likita Moritz Kaposi ya fara siffantawa a 1872. A 1994 aka gano ƙwayar cutar da ke haddasa shi. A Nijeriya kuwa, a 1986 aka ba da rahoton mutum na farko mai ƙanjamau.

Yaya abin yake faruwa? Ƙwayar HIV tana kashe wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4, waɗanda su ne dakarun jiki. Lafiyayye yana da kimanin 500 zuwa 1,500 a ɗan mitsitsin ma'aunin jini. Yayin da suke raguwa, sai cututtukan da ke kwance su farka. Ƙwayar ƙarambau da ta ɓuya a jijiya tun yarinta takan dawo da ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi a gefe guda na jiki. Amosanin kai yakan sauko fuska, ƙazuwa ta yi ɓawo, ƙuraje masu ƙaiƙayi su cika hannuwa da ƙafafu.

Sai dai ƙurji ba hujja ba ne. Gwajin jini kaɗai ke tabbatar da cutar, kuma gaisawa ko cin abinci tare ba ya yaɗa ta. Ɗalibin da aka nuna da yatsa saboda ƙuraje an zalunce shi.

Tun 2006 ake ba da magungunan ƙanjamau kyauta a asibitocin gwamnati, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Idan aka dage da shan su, garkuwa takan farfaɗo, yawancin ƙurajen su lafa. Wanda kuwa sabon magani ya fesa masa ƙuraje tare da zazzaɓi ko gyambon baki, ya koma wurin likita nan take. Ƙurjin da ya ƙi jin magani, asibiti ya kamata a kai shi, tun kafin ya yi nisa.